Uwani, Kafin Ki Tafi Wayar da Kan Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki lafiya inda za ki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san akuyar da ta haihu, kin san katangar da ruwa ya zubar. Wata magana ce na kasa yi miki baki da baki. Kin san halina, in na zaunar da ke sai in ɓige da tambayarki ko kin ɗauki bargo. A waya kuwa, kafin in kai tsakiyar zance kin ce, "To Baba, na ji." Shi ya sa na nemi biro da takarda, kwana uku ke nan ina zama a zaure da hantsi ina rubutawa.

Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, kin tsaya a tsakar gida kin karanta mana da ƙarfi: an tura ki sashen wayar da kan jama'a a harkar lafiya, can ƙauyukan da ke tafiyar yini guda daga nan. Goggonki Asabe ta ce, "To shi wannan aikin, allura za ki riƙa yi wa mutane ko me?" Kika yi dariya kika ce, "A'a Goggo, mutanen can har yanzu kansu a duhu yake, mu za mu je mu wayar da su." Ina bakin rijiya ina alwala. Sai da na tsaya cak da buta a hannu, domin muryata na ji ta fito daga bakinki, muryar da nake da ita ina ɗan shekara ashirin da uku. Ban ga laifinki ba. Ni ne ban taɓa gaya miki abin da kalmar nan ta ja mini ba.

Ranar da muka gama makarantar koyon aikin gona, shugabanmu ya tara mu ya ce, "Ku koma garuruwanku ku wayar wa manoma da kai." Har yau ina tuna daɗin da maganar ta yi mini. Aka ba ni babur, aka ba ni kaki da takalmi sau-ciki, aka ce ni ne malamin gona na ƙauyuka bakwai tsakanin Bici da Ɗambatta, har da garinmu. A lokacin, in ka hau tudun makabarta ka duba, ba ka ganin jeji ko taki ɗaya. Gona ce manne da gona, gida kusa da gida, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kuka, ga jakuna suna ta kai taki cikin mangala tun kafin ruwan fari. Ni kuwa da na hau tudun nan a kan babur, abin da na gani kawai shi ne mutanen da ke jirana in zo in buɗe musu ido.

Daren farko da na kwana gida, kakarki Inna, wadda kika ci sunanta, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba mana a akushi ɗaya ni da yayyena kamar yadda aka saba tun muna yara. Na dubi hannaye huɗu suna shiga akushin, na ce, "Inna, a ɗan zuba mini nawa daban, a haɗo da cokali. Cin nan na tarayya yana yaɗa cuta." Yayyena suka ɗago kai suka dube ni, suka ci gaba da cinsu. Inna ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta ta aro cokalin ƙarfe, ta wanke, ta ɗora a kan langa ta ajiye a gabana ta ce, "Malamin gona, ga naka." Da, Ɗanladi take kirana, don ranar Lahadi ta haife ni. Daga ranar nan sai da na shekara uku ban ji Ɗanladi a bakinta ba. Ba gori take yi mini ba, girmamawa take yi, irin wadda ake yi wa baƙo. Ni na mai da kaina baƙo a ɗakin uwata, kuma a lokacin har daɗi nake ji.

Don haka, Uwani, in kin shiga gidan mutane suka miƙo miki ruwa a kwanon da bai kwanta miki ba, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya. Maganar tace ruwa da wanke hannu gaskiya ce, kuma don ita aka tura ki, amma ta jira sai kin san sunan matar gidan da sunayen 'ya'yanta. Wanda kika ƙi ruwansa yau, gobe ba zai sha maganarki ba.

Wannan ƙarami ne. Babban shi ne na gona.

Ofis ya ce kowane malamin gona ya samu fili ya yi gonar gwaji, inda manoma za su zo su ga noman zamani da idonsu. Na zaga ƙauyuka bakwai, ba wanda ya ba ni ko kunya ɗaya. Kowa sai ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam, sai mun yi shawara." Na dawo gida raina a ɓace, ina faɗa a tsakar gida cewa duhun kai ya yi wa mutanen nan katutu. Kakanki Malam Buhari yana zaure, ya gama ba magidanta karatun littattafai na bayan la'asar. Ya kira ni ya ce, "Haruna, gonar bayan gida, wadda ta yi iyaka da burtali, na ba ka. Yi abin da aka koya maka."

Ita ce gonarmu mafi albarka. Gero da dawa ake shukawa a jere, sannan a gitta wake da gyaɗa a tsakani, har da kuɓewa da yakuwar Inna a gefe. A tsakiyarta akwai gawo uku manya, mutum biyu ba sa rungume ɗaya. Na dube su na ga tarakta ba za ta iya juyawa ba, kuma a littafinmu hoton gonar zamani fili ne fetal, ba itace ko ɗaya. Na ɗauko masu gatari. Ranar da suka zo, Inna ta fito har bakin darni, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Malamin gona, na tsakiyan nan, a ƙarƙashinsa nake kwantar da kai kana jariri in ina roron wake." Na ce, "Inna, ai ci gaba ba ya tsayawa don inuwa." Ta koma ciki. Kwana biyu ana sara. Da na ƙarshen ya faɗi, ƙasa sai da ta girgiza, har kaji suka watse a cikin gida. Baba yana zaure, bai fito ba.

Aka kawo tarakta, na shuka sabon irin masara ita kaɗai, ba wake ba gyaɗa, na zuba takin zamani yadda aka rubuta. Gaskiya zan faɗa miki, shekarar farko abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Masara ta fi ni tsayi, kore shar, goyo bibbiyu. Masu wucewa kasuwar Ɗambatta sai su tsai da keke su tsaya kallo. Dagaci ya zo, manyan ofis suka zo daga Kano aka ɗauki hoto. Na tsaya a kan kututturen gawo ina jawabi, ina cewa, "Kun ga bambancin wayewa da duhun kai." Dattawan da suka yi wa ubana aikin gayya tun kafin a haife ni suna tsugune a gabana suna gyaɗa kai.

Shekara ta biyu ma ba laifi, har na matsa wa Baba aka mai da rabin babbar gonarmu masara. A ta uku, taki bai iso ba sai da masara ta kai gwiwa ganyenta ya yi ruwan ɗorawa. Sannan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da za ta yi goyo, ya yi kwanaki bai dawo ba. Na riƙa zuwa kullum ina kallon ganye yana naɗewa kamar tabarma. Maƙwabtanmu ma sun ji jiki, amma mai gero ya sami ɗan abin da ya ɗaure, wanda geronsa ya ƙi, dawa ta ɗan yi, wanda duka suka ƙi, ya rori wake ya tara harawa. Mu kara kawai muka kwashe. Ƙasar ma da aka kware mata itatuwa, iska ta share samanta, ta zama rairayi fari. Da rani awakin Inna suka rame, don 'ya'yan gawon nan da suke zubowa su ne abincinsu, ni ban taɓa lura ba. Rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Kawunmu na wajen Shanono ya aiko da dammunan gero a kan jakuna, suka ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, kowa na gani gidan Malam Buhari, gidan da ake zuwa neman iri, yau shi ake kawo wa hatsi.

Wata safiya na tafi gonar ni kaɗai, na tarar da Baba zaune a kan kututturen tsakiya, fartanyarsa a jingine. Na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna mini wuri na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Haruna, kalmar nan da kake yawan faɗa, daga ina ta fito?"

Na ce, "Wacce, Baba?"

Ya ce, "Wayewa."

Na ce, "A makaranta muka same ta. Ina jin fassarar wata kalmar Turanci ce."

Ya yi murmushi ya ce, "Kakata tana faɗinta, kuma har ta koma ga Allah ba ta ga Bature ba. In duhun asuba ya yaye, me kake cewa?"

Na ce, "Gari ya waye."

Ya ce, "To daga nan take. Larabawa a littafi suna cewa tamaddun, daga madina, wato birni. A wurinsu wanda ya gyaru shi ne wanda ya koyi zaman birni. Mutanenmu ba daga birni suka ɗauko tasu ba. Sun dubi yadda mutum yake in ya fito da duku-duku, komai baƙi ƙirin iri ɗaya, sannan a hankali ya fara rarrabewa: wannan kututture ne, wancan mutum ne a tsugune, nan hanya ce, can rami ne. Sai suka ce wanda ya fara rarrabe abubuwa haka a rayuwarsa, kansa ya waye. To kai da ka shigo gonar nan, ka rarrabe gawo da sauran itatuwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ban rarrabe ba."

Ya ce, "Shi kaɗai ne itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya tsaya tsirara, don kada ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi ganye, ya ciyar da dabba. Kakanka ya sassabe komai a wurin nan ya bar waɗannan uku. Ka tambaye ni dalili?"

Na ce, "Ban tambaya ba." Hawaye ya zo mini. Na ce, "Baba, me ya sa ba ku hana ni ba?"

Ya ce, "Da na hana ka, da har yau kana cewa duhun kaina ne ya tare ka. Kuma kada ka ɗauka na san komai. Ni ma so nake in gani. Ban san masara tana yin haka a ƙasar nan ba sai da ka nuna mini, ban san ƙarfin takin nan ba. Ka zo da abin gaske, Haruna. Sai dai ka ɗauka kai kaɗai ka zo da shi, mu ba mu da komai a hannu." Ya miƙe ya ɗauki fartanya ya ce, "Tashi mu je, akwai toho biyu a gefen burtali, mu kewaye su da ƙaya kafin awaki su gani."

Gawo biyun da kika sani a gonar bayan gida, waɗanda kuke tsintar 'ya'yansu kuna yara, su ne wannan tohon. Sun fi shekara ashirin kafin su yi inuwar da mutum zai zauna, Baba bai kai ga zama a ƙarƙashinsu ba. Ranar da muka dawo daga kewaye su, Inna ta leƙo ta ce, "Ɗanladi, wanke hannu ku ci da 'yan'uwanka." Ban taɓa cin tuwo mai daɗin wannan ba, ga shi kuwa da geron kyauta aka yi shi.

To kin ji inda kalmar ta fito, kamar yadda na ji daga bakin kakanki. Duk abin da kika tarar mutane na yi a can, ko da a idonki shirme ne, ki fara tambayar dalili, kuma ki saurari amsar har ƙarshe. Wani abin za ki tarar camfi ne mai cutarwa, wani kuwa za ki tarar gawo ne. Ba za ki rarrabe ba sai kin tambaya. Kuma kada ki taɓa tsayawa a gaban dattawa ki kira su masu duhun kai, ko a bayan idonsu, domin abin da kike faɗa a bayan ido yana fitowa a fuskarki ranar da kika zauna da su.

Yanzu kada ki ce Baba ya ce a je a yi shiru. Na gwada shirun, kuma shi ne ya fi ci mini rai har yau.

Bayan abin da ya faru a gona, kunya ta kama ni. Na ci gaba da aiki, amma na zama malamin gonar da ba ya musa wa kowa. Duk abin da manomi ya ce, sai in ce haka ne. A gari kuma aka laƙaba mini suna, Mai-wayar-da-kai, ana faɗa ana dariya, ni ma ina tayawa. Kin san Baffa Idi, aminina, mai gidan da ke kallon masallaci. Wata kaka ya sami wake mai yawa. Na shiga gidansa da rana na tarar yana ɗinke buhuna, yana jefa wata ƙwaya a cikin kowanne, irin wadda ake sayarwa a kasuwa don kashe ƙwarin wake. An koya mana ita a makaranta. Iska take fitarwa mai guba, ba a ajiye buhun da aka sa mata a inda mutum ke kwana. Shi kuwa a ɗakin matarsa Hajara yake jera buhunan, don ya fi tsaro, ga ta da tsohon ciki.

Na ce, "Idi, ƙwayar nan fa..."

Ya ɗago yana dariya ya ce, "A'a, Mai-wayar-da-kai ya dawo bakin aiki! Yau kuma wane itace za mu sare?"

Wasa yake yi, irin na aminai. Amma maganar ta soke ni. Na yi dariya na ce, "Ba komai, Allah Ya sa albarka," na fita. A hanya ina ce wa kaina ai ɗakin yana da taga, ai mutane da yawa suna yi ba abin da ya same su.

Bayan kwana biyu, da safe, aka fito da Hajara ranga-ranga, tana amai, numfashi yana yi mata wuya. Aka sa ta a mota sai asibiti. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma cikin bai tsaya ba. Ɗa namiji ne. Da likita ya yi tambaya ya gano sanadi, Idi ya fito ya same ni a ƙarƙashin bishiyar da masu jinya ke zama. Bai zauna ba. Ya ce, "Haruna, ranar nan da ka fara magana, ka san abin nan yana kisa?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To me ya hana ka ƙarasa?"

Na ce, "Ka yi mini dariya."

Ya dube ni ya ce, "Dariyata ta fi ɗana?"

Idi mutumin kirki ne, ya ce ƙaddara ce, da kansa ya zo gidanmu bayan wata guda ya ce mu bar maganar. Shi ya bari, ni ban iya bari ba. Daga wannan shekarar na bi ƙauyukan nan bakwai zaure-zaure. In na zauna sai in fara da tambaya: da can yaya iyayenku suke adana wake? Wani ya ce da toka, wani ya ce da barkono, wani ya ce a tulu a liƙe baki da laka. In ce madalla, duk suna yi. Sannan in fito da ƙwayar a cikin kwalba in ce, wannan ma tana yi, amma ga inda take kisa, kuma na sani ne don na yi shiru an yi asarar rai a gidan aminina. Ba wanda ya yi mini dariya. Idi da kansa ya raka ni wasu wuraren.

Saboda haka, in kin ga abin da zai cuci rai, ki faɗa. Ki faɗa da ladabi, ki rage murya, ki ja mutum gefe, amma ki ƙarasa maganarki ko za a yi miki dariya, ko za a sa miki suna. Ilmin da kika samo ba naki ba ne, amana ce aka ba ki ki kai. Ni na yi girman kai na yi ɓarna, na yi kunya na yi ɓarnar da ta fi ta farko, kuma da na duba sai na ga duka biyun kaina nake kallo, ba mutanen da aka aike ni wurinsu ba.

Kalmar nan ta sha wuya a bakin mutane tun daga lokacin. Yau in yaro ya iya latsa waya, ya iya cusa Turanci a tsakiyar Hausa, sai a ce ya waye. In kuma dattijuwa ta taɓe baki ta ce, "Yarinyar nan ta waye," kin san ba yabo take yi ba, nufinta kunya ta fita daga idonta. A rediyo kullum ana gangamin wayar da kai, kamar kai wani ɗaki ne da za a zo daga waje a kunna masa fitila. Ke dai ki riƙe ma'anar kakanki, za ta ishe ki.

Akwai ɗaya da ban yi niyyar rubutawa ba, amma tunda na fara, bari in ƙarasa. Shekara biyu da auren mahaifiyarki, tun ba a haife ki ba, shugaban ofishinmu zai bar aiki, aka shirya masa walima a Kano, aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Na faɗa mata. Ta yi murna ƙwarai, don ba ta taɓa shiga birni ba sai sau ɗaya. Ta yi kitso, ta ƙunsa lalle, ta fito da atamfar da ba ta taɓa ɗaurawa ba tun ta lefe. Ni kuwa tunani ya dame ni. Matan abokan aikina malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, ita kuwa allo ta yi, ta sauke, amma ba ta yi boko ba. Na hango ta tana durƙusawa har ƙasa tana gaida mutane, na hango ana yi mata magana da Turanci tana kallona. Da safiyar ranar, ta gama shiri tana ɗaura ɗankwali, na ce, "Af, na manta ban gaya miki ba, an aiko cewa ban da mata." Ta tsaya da hannu a ka, sannan ta ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya." Ta miƙo mini hulata. A wurin walima aka tambaye ni ina amarya, na ce ba ta jin daɗi. Wannan fa bayan gawo ne, bayan maganar Baba, bayan na ɗauka na gama koyo. Ki kula da kanki, Uwani, domin abin nan yana komowa ta ƙofar da ba ki tsare ba. Ranar da kika ji nauyin nuna uwarki ko goggonki ga abokan aikinki, ki san ba su ne da gyara ba.

Na rubuta wannan labarin walimar jiya, na ga bai dace ki san abin da ita ba ta sani ba. Ɗazu da hantsi na same ta tana tsince shinkafa a gindin turmi, na ja kujera na karanta mata takardar tun daga farko. Ta yi dariya a wurin cokali, ta share hawaye a wurin Hajara. Da na zo kan walima, na karanta da ƙyar, na tsaya ina jiran abin da za ta ce. Ba ta ɗago daga farantin ba.

Ta ce, "Malam, ai na sani."

Na ce, "Kin sani? Tun yaushe?"

Ta ce, "Bayan kwana biyu matar Malam Lawan, abokin aikinka, ta zo duba ni, har da lemo a leda. Ta ce sun yi ta cigiyata a wurin walima, ya jiki? Na ce da sauƙi."

Na ce, "Kika yi shiru shekara talatin?"

Ta ce, "To me zan ce mata, mijina maƙaryaci ne? Kai kuma me zan ce maka? Na ga kana dawowa ka kasa haɗa ido da ni har mako guda, na ce wannan ya ishe shi."

Na ce, "Ki yafe mini, don Allah."

Ta ce, "Na yafe tun lallen bai goge ba. Amma tunda rubutu kake yi, ƙara mata nawa. Ka ce in ta shiga gidan mutane ta ga abin kunya, ta taimaka a gyara, amma ta bar shi a cikin gidan, kada ta fito da shi bakin ƙofa. Ka rubuta?"

Na ce, "Na rubuta."

Ta ce, "To tashi ka zuba wa awaki harawa, tun ɗazu suke kuka kana nan kana ba ni tarihi."

Ga shi na rubuta miki yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, kuma a ganina ya fi duk nawa.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar na safe da yamma. In kin sauka, ki fara zuwa gaida mai garin da limamin da tsofaffin mata kafin ki buɗe jakar aiki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, Goggo Asabe tana gaishe ki, Baffa Idi da Hajara sun ce a sa miki albarka. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, Ya sa mutanen can su amfana da ke, ke ma ki amfana da su. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya haskaka kabarinsu. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna Ɗanladi